Shirin Kirsimeti a ƙaramar ikilisiya: daga Lahadin farko ta Adbent zuwa 6 ga Janairu

A ikilisiyar ƙaramin gari, matar da ke koyar da yara a makarantar Lahadi ita ce ke jan baki a cikin mawaƙa, sau da yawa kuma makullin ɗakin ajiya yana hannunta. Dattijon da ke ƙirga baiko shi zai hau tsani ya gyara fitila. Fasto kuwa, in ma akwai na dindindin, wataƙila yana da wata majami'a ɗaya ko biyu da zai leƙa a rana guda. Duk shirin Kirsimeti da ya manta da wannan zai ƙare ne da mutum goma da suka gaji tiɓis, su iso ranar 25 ga Disamba ba tare da ko aya ɗaya ta ratsa zuciyarsu ba. Na yi shekaru cikin masu wannan hidima, na kuma ga yadda kwaikwayon manyan majami'un birni yake cinye ƙarfin ƙanana. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ta yin kaɗan ce, a yi shi da kyau, a bar labarin haihuwar Yesu ya tsaya a tsakiya.

Zaman farko: a ƙirga mutane kafin a ƙirga shirye-shirye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna a ƙarshen Oktoba ko makon farko na Nuwamba: fasto, dattawa biyu, shugabar zumuntar mata, shugaban matasa, mai koyar da mawaƙa, malamar makarantar Lahadi da ma'aji. Kada su wuce haka, taro in ya yi yawa hira ake yi.

Abu na farko da za a rubuta a takarda sunayen mutane ne. Wa da wa za su kasance a gari daga farkon Disamba har ƙarshensa? Wa zai yi tafiya? Wa ke jinya, wa ke da jariri a hannu, wa aikinsa ke ƙara yawa a wannan wata? In an gama, sai a duba kalanda. Adbent, wato lokacin jiran zuwan Almasihu, yana farawa ne a Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda kullum take faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A duba kuma ranar da 25 ga wata za ta kama, domin tana canja nauyin aikin sosai. A 2023 Lahadin ƙarshe ta Adbent ita ce jajibere, haka kuma za ta sake zama a 2028: sujada da safe, wata da dare, wata kuma washegari. A 2022 Kirsimeti ya faɗo ranar Lahadi, zai sake a 2033, kuma irin wannan shekara ta fi sauƙi.

Daga nan sai doka ɗaya da nake roƙon kowane kwamiti ya amince da ita tun a wannan zama: babu wanda zai shugabanci hidima fiye da ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. In an lissafa shirye-shirye shida amma masu iya riƙe su huɗu ne, a soke biyu nan take, ba tare da jin kunya ba. Ga ikilisiyar da ba ta wuce mutum ɗari ba, abin da na ga yana yiwuwa cikin kwanciyar hankali shi ne Lahadi huɗu na Adbent, babban taro guda na yamma, ziyarar gidaje, sujadar ranar Kirsimeti, da sujadar shiga sabuwar shekara. Ma'aji ya faɗi abin da ke cikin asusu a fili, a ware rabon mabukata tun kafin a yi maganar ado. In aka bar shi sai ƙarshe, ragowa yake samu.

Ku san gidanku

Furotesta ba ɗaya ba ne a kan wannan biki, kuma yana da kyau kwamiti ya san haka. Angilikan da Lutaran da Metodis sun riƙe kalandar ikilisiya da launukanta da karatunta. Baftis da Firesbitariyan da majami'un Fentikos da yawa suna yin abin da sauƙi, wasunsu ba sa ma ambaton Adbent. Wannan bambanci yana da tushe. Littafi Mai Tsarki bai ba da ranar haihuwar Yesu ba. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba daga Roma take, a shekara ta 336. Majalisar dokokin Ingila ta soke bikin a 1647 lokacin da masu tsaurin gyaran addini suke da rinjaye, yankin Masacusets na Amurka ya sa tara a kan masu yinsa daga 1659 zuwa 1681, a Sikotlan kuwa sai 1958 ranar ta zama hutun ƙasa.

Saboda haka in wani dattijo ya ce kyandir da ado ba su kwanta masa ba, kada a ɗauke shi mai taurin kai. Yana tsaye ne a kan wata tsohuwar damuwa ta masu bi, cewa kada biki ya rufe Maganar Allah. A karanta Romawa 14:5-6 tare, a yi shawara, kuma kada a shigo da sabon abu fiye da ɗaya a shekara. Wanda za a shigo da shi, fasto ya bayyana ma'anarsa daga mumbari mako guda kafin a fara.

Lahadi huɗu na jira

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara rera waƙoƙin haihuwa da wa'azin komin dabbobi tun Lahadin farko, sai ranar ta zo ba sauran abin faɗa. Adbent lokacin jira ne da tuba da bege. Majami'un da ke bin jadawalin karatu na shekara uku, wanda aka fitar da gyararren tsarinsa a 1992, aikinsu ya ragu: shekara ɗaya Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, kuma sabuwar shekarar ikilisiya tana farawa ne da Lahadin farko ta Adbent. Tsarin da suke bi yana da hikima ko ga wanda ba ya amfani da jadawalin. Lahadi ta farko a kan komowar Almasihu da zaman tsaro. Ta biyu da ta uku a kan Yahaya Maibaftisma da annabawa, musamman Ishaya 40 da Malakai 3. Ta huɗu a kan Maryamu da Yusufu, daga Luka 1:26-38 ko Matiyu 1:18-25. In fasto ba zai samu zuwa duka ba, a raba wa dattawa nassoshin tun Nuwamba, kowa ya san nasa, kada mutum biyu su yi wa'azi a kan aya ɗaya.

Masu son zoben ganye mai kyandir huɗu su san cewa asalinsa na Furotesta ne. Wani fasto Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, wanda ke riƙon yara marasa galihu a birnin Hambag, shi ya fara shi a 1839. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti zai zo, sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ya jera mata kyandir, ƙanana ja na ranakun mako, manya farare na Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana. Daga baya aka rage su zuwa huɗu. Amfaninsa a ƙaramar ikilisiya babba ne, domin yana ba da aiki ga waɗanda ba a saba gani a gaba ba. Kowace Lahadi a ba wani gida dabam: wannan makon gwauruwa da jikanta, mako mai zuwa sababbin ma'aurata, na gaba wani saurayi da bai daɗe da baftisma ba. Su karanta aya biyu, su kunna kyandir, su yi gajeriyar addu'a. Minti uku ya isa.

Mawaƙa

Sabuwar waƙa ɗaya, in an yi ƙoƙari biyu. Sauran duk su zama waɗanda jama'a suka haddace, domin muryar ikilisiya gaba ɗaya ta fi ta mawaƙa takwas daɗi, kuma baƙon da ya shekara bai zo ba tsohuwar waƙa ce za ta kama shi. Gwaji sau ɗaya a mako na awa guda daga tsakiyar Nuwamba, a fara a kan lokaci, a tashi a kan lokaci. Kowace waƙa a gwada ta sau ɗaya ba kayan kiɗa, saboda ranar da wuta ta ɗauke ko mai kiɗa ya kwanta ciwo. Rashin kayan kiɗa masu tsada ba abin damuwa ba ne. Waƙar nan ta dare mai tsarki, wato "Silent Night", da duniya duka take rerawa, an fara rera ta ne ranar 24 ga Disamba 1818 a majami'ar wani ƙaramin gari mai suna Obandof a ƙasar Ostiriya, da jita guda.

Wasan yara

A nan ne aka fi samun farin ciki, a nan ne kuma aka fi samun hawaye. Akwai shekarar da muka rubuta wasa mai tsawon kusan awa biyu, kowane yaro da dogon jawabin da zai haddace. Kafin a kai ga makiyaya ƙananan sun yi barci a jikin iyayensu, yarinyar da ta fito a matsayin Maryamu ta manta maganarta ta fashe da kuka a gaban jama'a, kuma ta daɗe ba ta yarda ta sake tsayawa a gaba ba. Har yanzu abin yana damuna, domin laifin namu ne manya. Tun daga lokacin na koma ga hanyar da zan faɗa.

A sa mai karatu ɗaya, babba ko matashi mai murya a sarari, ya karanta labarin kai tsaye daga Luka 2:1-20 da Matiyu 2:1-12, yara kuma su yi ta nunawa da jiki. Wanda yake so a ba shi jimla ɗaya. Minti ashirin ya wadatar, da waƙa uku a tsakani waɗanda jama'a za su kama tare. Gwaji uku: na farko a raba matsayi, na biyu a koyi inda kowa zai shiga ya tsaya, na uku da tufafin wasan a cikin majami'ar kanta. Tufafin kuma daga abin da ke gida, tsofaffin zannuwan gado da igiya da sanda. Kada a ɗora wa iyaye ɗinki, akwai gidan da ba zai iya ba kuma ba zai faɗa ba.

Maganar matsayi tana bukatar hikima. Maryamu ɗaya ce, Yusufu ɗaya, amma makiyaya da mala'iku ba su da adadi, don haka babu yaron da za a bari a benci. Masanan taurari ma haka: Matiyu bai ce su uku ne ba, bai kuma ce sarakuna ne ba, kyautai uku kawai ya ambata, zinariya da lubban da mur. In kuna da yara biyar masu so, duk su fito. A ajiye tufafi biyu ko uku a gefe domin yaran da suka zo hutu ranar wasan, a sa su cikin makiyaya. Matsayin Maryamu da Yusufu kuwa a riƙa juya shi kowace shekara, a rubuta a littafi, kada ya zama gadon 'ya'yan fasto da na dattawa. Yara suna lura da wannan fiye da yadda muke zato.

Malamar makarantar Lahadi ta yi amfani da gwajin ta koya musu bambancin abin da nassi ya faɗa da abin da aka saba ƙarawa. Luka bai ambaci jaki a tafiyar Baitalami ba, bai ambaci mai masauki da ya kore su ba; ya ce kawai babu wuri a masaukin, aka kwantar da jaririn a komi. Matiyu kuma ya ce a gida masanan suka tarar da yaron, kuma umarnin sarki Hirudus na kashe yara maza 'yan shekara biyu zuwa ƙasa yana nuna cewa lokaci ya ɗan ja. Ba laifi a haɗa su a wasa ɗaya, an daɗe ana yi, tun da Faransis na Asisi ya shirya komi da sa da jaki masu rai a garin Girecco na Italiya a 1223. Amma yaro ya san me ke rubuce. Sannan a kowane gwaji manya biyu su kasance, kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara, kuma a san wa zai mayar da kowane yaro gida in dare ya yi.

Babban taron yamma: karatu tara da waƙoƙi

In za a tambaye ni tsari ɗaya da ya fi dacewa da ƙaramar ikilisiya, wannan zan nuna. Bishop Edward Benson ne ya tsara shi a garin Turo na Ingila, aka fara yi a jajiberen Kirsimeti na 1880 a cikin wani gini na katako da ake sujada a ciki kafin a gama gina babbar majami'a. Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauke shi a 1918, aka fara watsa shi ta rediyo a 1928, daga nan ya bazu a duniya. Kyansa shi ne ba ya bukatar mai wa'azi, ba ya bukatar ƙwararrun mawaƙa. Karatu, waƙa, karatu, waƙa, labarin ceto yana tafiya da kansa daga faɗuwar mutum har zuwa Kalman da ya zama mutum.

Nassoshin da aka saba su ne Farawa 3, inda aka yi alkawarin zuriyar mace, Farawa 22:15-18, alkawarin Allah ga Ibrahim, Ishaya 9:2-7, Ishaya 11:1-9, Luka 1:26-38, Luka 2:1-7, Luka 2:8-16, Matiyu 2:1-12, sai a rufe da Yahaya 1:1-14, jama'a a tsaye. Wasu suna sa Mika 5:2-4 a madadin ɗaya daga cikin na Ishaya. Tun asali masu karatun suna hawa ne daga ƙarami zuwa babba, yaro ya fara, shugaban ikilisiya ya gama. Ku riƙe wannan. Mutum tara ke nan da za su riƙe Maganar Allah a gaban 'yan'uwansu, kuma in kuka zaɓa da kyau za a ga yaro, da budurwa, da uwa, da ma'aikaci, da tsoho a jere.

A ba kowa nassinsa mako biyu kafin ranar, a rubuce da manyan baƙaƙe. A tara su sau ɗaya su karanta a cikin majami'a, wani ya zauna a bencin ƙarshe ya ɗaga hannu in bai ji ba. Abin da za a faɗa musu ɗaya ne: a hankali. Mai karatu in tsoro ya kama shi gudu yake yi. Kada a yi sharhi ko sanarwa tsakanin karatu da waƙa. A rubuta tsarin a takarda ko allo, kowa ya tashi in lokacinsa ya yi. Duka zai ɗauki awa ɗaya da 'yan mintoci. In kuna da ƙarancin mutane, ku saka wasan yara a gurbin karatu na shida zuwa na takwas, taro biyu ya zama ɗaya. In kuma akwai wasu ƙananan majami'u a garin, wannan ne taron da ya fi sauƙin haɗawa da su, a raba karatun da waƙoƙin, a riƙa juya masauki shekara-shekara.

Wurin da ake kunna wa kowa kyandir a ƙarshe, a kiyaye ƙa'ida guda: wanda nasa ke ci ya riƙe shi a tsaye, wanda nasa bai kama ba shi ne zai karkato. Haka ake hana narkakken kyandir zuba a hannu. A sa wa kowane kyandir ɗan kwali a ƙasa, ƙananan yara a ba su tocila, a kawar da labule da busasshen ganye da adon takarda daga kusa, a ajiye bokitin ruwa ko yashi da abin kashe gobara inda mutum biyu suka sani. Ƙofofi duka a buɗe suke, ba kujera a hanya. A kuma sa wanda zai zagaya bayan an watse ya tabbatar komai ya mutu kafin a kulle.

Waɗanda ba za su zo ba, da waɗanda za su zo da nauyi a zuciya

Wannan ne aikin da babbar majami'a ba za ta iya yi kamar ku ba, domin ku kun san kowa da sunansa. A zaman farko a rubuta takarda ta biyu: tsofaffin da ƙafa ta hana su fita, masu jinya, waɗanda aka yi wa rasuwa a cikin shekarar, gidan da aiki ya kuɓuce wa, wanda ya daina zuwa ba a san dalili ba. A raba sunayen ga ƙungiyoyi na mutum uku ko huɗu. A aika a tambaya kafin a je. Ziyarar kada ta wuce minti ashirin: gaisuwa, waƙa ɗaya ko biyu da mai gidan ya zaɓa, karatun Luka 2, addu'a. Inda ɗarikarku ta yarda, fasto ko dattijo ya kai Jibin Ubangiji. Matasa su shiga wannan ziyara, tana gina su fiye da kowane shiri da za a yi musu.

Taimakon mabukata kuwa a asirce. Mutum biyu kacal su san sunaye, a kai gida da hannu, babu kiran suna a gaban jama'a, babu ɗaukar hoto. A ƙaramin gari kunya tana daɗewa fiye da kyautar. A tambayi gidan abin da suke bukata maimakon a zaɓa musu. Mu tuna cewa hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai Haikali a Luka 2:24, kurciyoyi biyu, ita ce wadda Littafin Firistoci 12:8 ya ba wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Iyalin da muke biki dominsu talakawa ne.

Ga masu makoki, wasu majami'u suna ware wani maraice kusa da 21 ga Disamba domin sujada mai natsuwa, ba tafi ba kiɗa, a karanta Zabura, a ambaci sunayen waɗanda suka rasu, a yi shiru. In ba ku da ƙarfin ƙara taro, ku sa minti biyar na wannan a cikin Lahadi ta uku ko ta huɗu. A nemi izinin iyalai kafin a kira suna. Matar da ta binne mijinta a watan Agusta tana bukatar ta ji cewa ikilisiya ba ta manta ba, ko da kowa na cikin murna.

Ranar kanta

Majami'a za ta cika da fuskokin da ba a saba gani ba: 'ya'yan gari da suka dawo, surukai, maƙwabta, da waɗanda sau ɗaya suke zuwa a shekara. A sa masu fara'a biyu a ƙofa, 'yan gida su matsa gaba su bar wa baƙi bencin baya da na kusa da ƙofa. Ina roƙon duk mai wa'azi abu guda da dukan zuciyata: kada ka yi wa waɗannan mutane gori. Maganar "yau mun ga waɗanda ba mu gani tun bara" tana jawo dariya, amma wanda aka yi da shi ba zai dawo ba. Ya zo, ka ba shi bishara.

Sujadar ta zama gajeriya, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, domin akwai yara da masu baƙi a gida. Wa'azi minti goma sha biyar zuwa ashirin a kan nassi ɗaya da magana ɗaya. Yahaya 1:14, ko Galatiyawa 4:4-5, ko saƙon mala'ika ga makiyaya, kowanne ya ishi safiya. Sanarwa a rubuta a manna a ƙofa. Baiko na musamman a faɗi inda zai tafi kafin a karɓa, mutum biyu su ƙirga, a sanar da jimlar Lahadi mai zuwa. Inda sha'anin tsaro yake da damuwa, a sanar da hukuma lokutan taro tun da wuri, a matso da na dare zuwa yamma, wasu maza su tsaya a waje bi da bi, ta yadda ba wanda zai rasa sujadar gaba ɗaya.

Bayan ranar

Kirsimeti kwana goma sha biyu ne a kalandar ikilisiya, daga 25 ga Disamba zuwa jajiberen 6 ga Janairu, don haka waƙoƙin da aka riƙe a Adbent yanzu ne lokacinsu. Lahadin da ke biye a sauƙaƙa ta: mawaƙa su huta, jama'a su zaɓi waƙoƙin da suke so, wani dattijo ya yi gajeren wa'azi a kan Saminu da Hannatu a Luka 2:25-38, tsofaffi biyu da suka jira har suka gani. Ranar 26 ga wata ta Istifanas ce, ɗaya daga cikin bakwai ɗin da aka zaɓa a Ayyukan Manzanni 6 su kula da rabon gwauraye, rana mai kyau ta ƙarasa ziyarar da ta rage.

Sujadar daren 31 ga Disamba ta samo ƙarfinta ne daga 'yan Morabiya, wata tsohuwar ɗarikar Furotesta ta Turai, John Wesley wanda ya kafa Metodis kuma ya ɗauko ta ya yaɗa a cikin Metodis a farkon shekarun 1740. A fara ta awa ɗaya da rabi kafin tsakar dare. Masu ba da shaida a ba kowa minti biyu, a faɗa musu tun da wuri, in ba haka ba mutum uku za su cinye daren. A karanta Zabura 90, a yi shiru na 'yan mintoci kafin sha biyu, a shiga shekara da addu'a. A shirya wanda zai raka tsofaffi da mata gida.

A rufe lokacin da Idin Bayyanuwa, 6 ga Janairu ko Lahadin da ta fi kusa, da Matiyu 2 da Ishaya 60, a kan Almasihu hasken al'ummai. A ranar a sauke ado. Tufafin wasa a wanke, a ninke, a sa a akwati ɗaya da takarda a kai. Kafin Janairu ya ƙare kwamiti ya sake zama na rabin awa da littafi: mutum nawa suka zo kowane taro, wane karatu ne ba a ji ba, kyandir nawa suka rage, nawa aka kashe, wa ya fito Maryamu, wane gida ne aka manta ba a ziyarta ba. Fasto ya gode wa masu hidima ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wanda ya share majami'a da wanda ya tsaya a waje. Littafin kuma a ba magatakarda ya ajiye, shi za a fara buɗewa a zaman Oktoba.